Karsanar sadaki ta wa ce?



Shekarar da damina ta yi kyau, aure yakan yi yawa. Tun daga taron Ingal na watan Satumba har zuwa lokacin da garkuna ke gangarawa kudu bayan manoma sun kwashe amfanin gona, rugage ba su rabuwa da ɗaurin aure. Nono ya wadata, bisashe sun yi ƙiba, dangin da rani ya warwatsa sun haɗu wuri guda. Abin farin ciki ne, Allah ya ƙara albarka. Amma akwai wani abu da muke sakaci da shi a ranar murna, wanda yake komowa ya zame mana rigima bayan shekara goma ko ashirin. Ana ɗaura aure, a ambaci sadaki, a yi fatiha, a raba goro, kowa ya kama hanyarsa, ba a bar wata shaida ba sai abin da kunnuwa suka ji.

Ra'ayina shi ne, duk auren da aka ɗaura a ruga ya kamata ya bar takarda biyu. Ta farko takardar aure ta hukuma. Ta biyu takardar sadaki, wadda ke faɗin dabbar da aka ba mace da kamanninta da wurin da take. Ga dalilaina.

Abin da malamai suka karantar da mu

Nijar ba ta da kundi guda na dokar iyali. An gwada kafa shi a shekarun 1990, aka sake gwadawa a 2011, bai wuce ba. Tun dokar tsarin kotuna ta 1962, alƙali yana bin al'adar mutanen da suka zo gabansa ne a kan maganar aure da saki da gado, kuma dokokin da suka biyo bayanta a 2004 da 2018 ba su kawar da wannan ba. Ga mafi yawanmu kuwa, al'ada a nan tana tafiya ne da shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya. Saboda haka abin da malamin ruga ya karanta a Risala yana da nauyi har a gaban alƙalin gwamnati.

Aure yana tsayuwa da waliyyi da sadaki da siga da shaidu biyu adilai. Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, wato abin da ya ɗan ɗara giram 1 na zinariya, ko dirhami 3 na azurfa, ko abin da ya kai darajarsu. Ana iya biya da kuɗi, ana iya biya da saniya ko taguwa ko tumaki. Sadaki dukiyar mace ne. Uba ko waliyyi in ya karɓa, amana ya karɓa. Miji in ya ci gaba da kiwon dabbar cikin garkensa, amana yake kiwo. Abin da dabbar ta haifa yana bin uwarsa, wato na matar ne shi ma.

Malaman Malikiyya sun tsananta a kan sadakin da ba a san shi ba. Ba a yin sadaki da raƙumin da ya ɓace ana nemansa, ba a yi da ɗan da ke cikin cikin saniya. In an jinkirta wani sashe na sadakin, wajibi ne a yanka masa lokaci sananne. To ku duba yadda muke yi. Sau nawa aka ce "an ba ta karsana" alhali ba wanda ya nuna karsanar? Sau nawa aka ce "in saniyar nan ta haihu ɗan nata ne"? Sau nawa aka ce "za a cika mata in hali ya samu"? Irin wannan magana tana iya taɓa ingancin auren kansa, balle kuma haƙƙin matar.

Akwai kuma rikita sadaki da sauran hidimomin aure. Kuɗin gaisuwa daban, kayan lefe daban, bijimin da Fulani ke yankawa ranar koobgal daban, sadaki daban. Ranar da aure ya zo mutuwa, sai ka ji dangin miji suna lissafa har goro da naman da aka ci suna cewa a maido, dangin mace kuwa suna cewa ba su ga komai ba. In da an rubuta tun farko cewa ga sadaki ga kyauta, da bakin kowa ya mutu.

Da can ba a rubutu, me ya sa yanzu?

Wani dattijo zai ce kakanninmu ba su rubuta ba, kuma ba su ci dukiyar mata ba. Gaskiya ne, amma a duba yadda zamansu yake. Dangi guda suna sauka tare, suna tashi tare, suna shayarwa a rijiya guda. Kowace saniya tana da suna, an san uwarta da kakarta, an san hannun da ta fito. Yaro ɗan shekara goma yana iya nuna maka shanun uwarsa cikin garken ubansa. Jama'ar ruga su ne takardar.

Wannan zama ya watse. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun kashe garkuna sun raba dangi. Wasu sun zauna a bakin birane, wasu sun bi ciyawa har Najeriya da Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya ba su komo ba. Shanu da yawa sun koma hannun attajirai da ma'aikata, makiyayi ya zama ɗan kiwon haya, garke guda ya ƙunshi dabbobin mutum biyar ko shida. A 2010 an sake yin asarar bisashe mai yawa. Daga baya rashin tsaro ya zo: jihar Difa tun 2015, sannan Tilaberi da arewacin Tawa, sannan satar shanu da garkuwa da mutane a kan iyakar Maraɗi. Shaidu biyun da suka ji sadaki, yau ɗaya ya rasu, ɗaya yana wata ƙasa ba a san lambar wayarsa ba. Wa zai tsaya wa matar?

Kuma duk makiyayi ya san cewa zaman dabba cikin garkensa ba ya mai da ita tasa. Saniyar habbanaye tana kwana a turkenka, kana shan nononta, kana riƙe ƴaƴan da aka yi alkawari, amma in lokaci ya yi kana mai da ita ga mai ita, kuma abin kunya ne a ji ka sayar da ita. Saniyar sadaki ta fi ta habbanaye ƙarfin haƙƙi, domin ita ko ɗanta ɗaya ba naka ba ne. Me ya sa muke tsoron kunyar aboki, ba mu tsoron haƙƙin matar da ke ɗakinmu?

Mu yi lissafi

Ga misali, domin a ga girman abin. Mutum ya rasu ya bar garke na shanu 40, da mata biyu, da ƴaƴa, babu bashi a kansa. Uwargida an ba ta karsana 2 sadaki, cikin shekaru sun hayayyafa sun zama 8. Bisa shari'a, sai a fara fitar da 8 ɗin nan, domin ba sa cikin gado. Saura 32. Tumunin mata shi ne 4, kowace ta sami 2. Uwargida ta tashi da shanu 10.

In kuwa ba wanda ya iya tabbatar da sadakinta, sai a raba 40 ɗin gaba ɗaya. Tumuni ya zama 5, ta sami biyu da rabi. Shanu bakwai da rabi sun fita daga hannunta ranar da take cikin takaba, ba ta iya fita ta yi magana. Kuma magadan da suka karɓa sun ci abin da ba nasu ba, ko da ba su sani ba. Haka nan in sadakin bashi ne ba a gama biya ba, ana fitar da shi daga dukiyar mamaci kafin a raba gado, kamar kowane bashi. Amma bashin da ba shaida, wa zai biya?

Haka abin yake wajen rabuwa. In miji ya saki mace bayan sun tare, sadakinta nata ne duka. In ya sake ta kafin tarewa, rabi ne nata. In ita ta nemi hul'i, sai ta ba da abin da aka daidaita a kai, galibi sadakin da ta karɓa. Duk waɗannan hukunce-hukunce suna bukatar a san abin da aka bayar tun farko. Alƙali ko sarki ba ya raba abin da ba a san adadinsa ba, sai dai ya sa rantsuwa, rantsuwa kuwa ba ta barin zumunci lafiya.

Sai maganar shekarar wahala. Rani ya yi tsanani, buhun hatsi da na dusa sun yi tsada, sai maigida ya kai dabba kasuwa. Sau da yawa dabbar matar ce ke fara tafiya, domin ita ba ta gardama. Ciyar da iyali wajibin miji ne, ba na mace ba. In ta yarda a sayar da tata don a tsira, ta yi alheri, amma a fayyace: kyauta ta ba da ko rance? In rance ne a rubuta, a biya ta in garke ya farfaɗo.

Takardar hukuma

Dokar da ke tsara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Nijar ita ce mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yuli 2019, wadda ta maye gurbin ta 2007. Ta ba da kwana 60 a sanar da aure. Ba a ce ka bar malaminka ka je ofis a ɗaura maka aure irin na Turawa ba. Ka ɗaura aurenka yadda addini da al'ada suka tanada, sannan a sanar da hukuma. Ana sanarwa a ma'aikatar magajin gari, ko a wuraren sanarwa da aka buɗe a ƙauyuka da wajen shugabannin makiyaya. Sanarwa cikin wa'adi kyauta ce. In kwana 60 suka wuce, sai an bi ta kotu alƙali ya yi hukuncin da zai tsaya a madadin sanarwar, ga tafiya, ga jira, ga kashe kuɗi. Kowa ya kwana lafiya shi ya so.

Me takardar ke amfana wa mutumin daji? Da ita ake samun littafin iyali, inda ake jera ƴaƴa. Da ita mace ke tabbatar da cewa ita matar mamaci ce in maganar gado ta kai gaban alƙali, ko in akwai kuɗi a banki ko gida a birni. Iyalin da tashin hankali ya kora daga mazauninsu suka sauka inda ba a san su ba, takarda ce ke faɗin wane ne mijin wace, waɗanne ne ƴaƴansu. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a shingen jami'an tsaro da iyalinsa a ƙasar da ba tasa ba ya san bambancin mai takarda da marar ita.

Abin mamaki, makiyayi ya san darajar takarda in ta dabba ce. Yana adana takardar allurar rigakafi. Tun 1998 da ƙungiyar CEDEAO ta fito da takardar ƙetare iyaka da garke, ya saba neman ta kafin ya tashi. Falke ba ya ɗora shanu a mota sai da takardar kasuwa da ta likitan dabbobi. Bijimin da za a yanka a Legas yana da takarda, uwar ƴaƴanka ba ta da ita. Wannan bai dace ba.

Saki ma ana sanar da shi, dokar ta haɗa da shi. Macen da aka saka da baki a daji, mijin ya yi gaba da garke, in ta gama idda ta yi wani aure, wata rana yana iya dawowa ya ce bai sake ta ba. Nan ake samun zargin aure kan aure, har a zubar da jini. Takardar saki tana kashe wannan wuta tun ba ta kama ba.

Ku kuma fatake

Ɗan kasuwar da ke sayen shanu a Abalak ko Cintabaradan ko Dakwaro ko Tanut yana kai su kudu, yakan yi watanni a zango. Wasu sukan yi aure a can, kuma halal ne in an cika sharuɗɗa. Amma in aka ɓoye, ba takarda, dangin gida ba su sani ba, ranar da ta Allah ta kasance sai mace ta zo da goyo ta ce ita ma matarsa ce. Ko a kore ta da ɗan marayan da ke da haƙƙi, ko a karɓi wadda ba a tabbatar ba. Duka biyun zalunci ne da mamacin ya bari da hannunsa. Wanda ya yi aure a wata ƙasa ya karɓi shaidar auren a can, ya sanar da danginsa, ya ajiye takardar inda za a gan ta.

Haka kuma dillali da mai saye, in an kawo muku dabba kuka ji ƙishin-ƙishin ta mace ce, ku tambaya ko ta yarda. Kuna tambayar asalin dabba don gudun ta sata. Wadda aka sayar ba da yardar mai ita ba, sunanta bai yi nisa da wannan ba.

Masu cewa a'a

Na san abin da za a ce. Na farko, kunya. Yaya za a dubi surukai a ce su rubuta, kamar ba a yarda da su ba? Amsa ita ce aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a surar Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin, ba maƙaryata ba. Rubutu ba tuhuma ba ne. Mutuwa da mantuwa ake yi wa shi. In ya zama al'adar kowa, ba wanda zai ji an raina shi. Ardo da limami su fara da auren ƴaƴansu, sauran jama'a za su bi.

Na biyu, tsoron ƙidaya. Tun zamanin jangali makiyayi ba ya son a san yawan garkensa, kuma yau da ɓarayi ke da ƴan leƙen asiri, tsoron yana da dalili. Amma ba a ce a rubuta garke ba. Dabbar sadaki kawai za a rubuta, ɗaya ko biyu ko uku, wadda dama an ambace ta a bainar jama'a ranar ɗaurin aure.

Na uku, rashin karatu. Malamin da ya ɗaura auren yana rubuta ajami, kuma ajami rubutu ne. Rugage da yawa suna da mai wayar hannu a yau. A ɗauki hoton dabbar, a ɗauki hoton takardar, a tura wa ɗan'uwan amarya da ke wani gari. In ruwa ya jiƙa takarda ko gobara ta ci, hoton yana nan.

Na huɗu, nisa. Wannan ita ce hujja mai ƙarfi, kuma ba laifin makiyayi ba ne. Zan komo kanta.

Abin da za a sa a takardar sadaki

1. Sunan ango da na amarya da na iyayensu, da sunan waliyyi, da rana da wurin da aka ɗaura auren.
2. Sadakin: in kuɗi ne nawa, in dabba ce wace iri, mace ko namiji, shekarunta, launinta, sunanta, da shaidar kunne ko tambarin da ke jikinta.
3. Abin da aka biya nan take, da abin da ya rage, da lokacin da za a cika shi.
4. Garken da dabbar za ta zauna, da wanda zai kiwata.
5. Abin da aka bayar kyauta, a rubuta shi gefe guda don kada ya gauraya da sadaki.
6. Sunayen shaidu da sa hannunsu ko dangwalen yatsa. A haɗa da matasa cikin shaidu, kada a tsaya ga tsofaffi kaɗai.

A yi kofi uku: ɗaya wajen amarya ko mahaifiyarta, ɗaya wajen ango, ɗaya wajen limami ko ardo. Kuma a nuna wa amarya dabbarta da ido, a gaban mata ƴan'uwanta. In garken ya hayayyafa, kowace shekara bayan damina a nuna mata abin da ya ƙaru. Ranar da za a je sanar da hukuma, a tafi da shaidu da wannan takarda, a nemi ma'aikaci ya rubuta sadakin yadda yake.

Kira ga hukuma

Kwana 60 ga mazaunin gari abu ne mai sauƙi. Ga wanda ke bin ciyawa a arewacin Tasara ko Ingurti, tafiyar kwana biyu ce ko uku zuwa ofis, ya bar garke a hannun yara, wata sa'a ya tarar ma'aikacin ba ya nan ko takardun cikawa sun ƙare. Dokar makiyaya ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. In haka ne, wajibi ne aikin hukuma ya bi shi inda yake.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Ma'aikatan dabbobi suna iske garkuna kowace shekara don allurar rigakafi, sai a haɗa su da mai rajista. Ranar kasuwar bisashe kowa yana shigowa gari, sai a kafa tebur a bakin kasuwa. A taron Ingal da sauran tarukan makiyaya na ƙarshen damina, a kawo alƙalai su zauna su yi wa tsofaffin aure takarda, kamar yadda ake yi wa yara marasa takardar haihuwa. Shugabannin makiyayan da aka ba littafin sanarwa a koya musu aikin, a riƙa zuwa karɓar abin da suka rubuta a kan lokaci. Kuma duk ma'aikacin da ya nemi kuɗi a kan abin da doka ta ce kyauta ne, a kai ƙararsa, domin jika ɗaya da aka karɓa ba bisa ƙa'ida ba tana korar ruga guda daga ofis.

Amma kada mu jira hukuma kafin mu yi namu. Takardar sadaki ba ta bukatar tambarin kowa, alƙalami da shaidu kawai take so. Iyaye maza, ku ne waliyyai, ku nemi a rubuta kafin a shafa fatiha. Malamai, kada ku ɗaura aure a kan dabbar da ba a fayyace ba. Samari, wanda ya ba da karsana ya san ta fita daga hannunsa har abada, ita da abin da za ta haifa. Iyaye mata, ku tambayi ƴaƴanku ko sun ga dabbarsu.

Allah ya ba da zaman lafiya a gidajenmu, ya albarkaci garkunanmu, ya kiyashe mu cin haƙƙin wani. Wassalam.